Ciyawar Kallo ta Kamaru Injiniya

A Tudun Marke in ka ji an ce Injiniya, Kamaruddeen ake nufi, ko da yake shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma ko injin markaɗe bai taɓa kwancewa ba. Iyakar abin da muka sani, ya yi ci-rani a Abuja yana riƙe wa wani safiyo dogon sandan nan mai ja da fari, safiyon na leƙe ta na'ura yana ce masa ya matsa hagu ko dama. Da ya dawo sai ga shi da sandan, da hular kwano ruwan ɗorawa, da bakin da ya fi sandan tsawo. A gabansa muna ce masa Injiniya muna murmushi, in ya ba da baya mu ce Mai-sanda. Ya san da haka, kuma abin yana cin ransa, don ba abin da yake so a duniya kamar ranar da za a kira shi da suna mai nauyi ba tare da wani ya danne dariya ba.

A lokacin garinmu ya fara kumbura. Tun da kwalta ta taso daga Ɗanbatta ta ratsa ta gefenmu, gonakin bakin gari suka koma shaguna, burtalin da dabbobi ke bi su fita daji ya cika da gidajen bulo. Fili ɗaya ya rage a tsakiyar gari, tsohuwar masussuka, da wata ƙatuwar darbejiya a gefenta inda dattawa ke kishingiɗa. Masu neman fuloti suka dami Dagaci Abdulƙadir da sintiri, har ya gaji ya tara mu bayan sallar Juma'a ya ce kowa ya faɗi abin da ya kamata a yi da wurin.

Wasu suka ce ɗakin shan magani, wasu suka ce a ƙara aji. Kamaru ya miƙe, ya doka sandansa a ƙasa, ya ce duk cikinmu ba wanda ya san duniya. Gari ba ya cika gari, in ji shi, sai da lambun shaƙatawa, wuri kore shar kamar an shimfiɗa darduma, da bencina na siminti, mutum ya taso daga aiki ya zauna ya sha iska. Ya zana abin a ƙasa da bakin sandan, ya tsallake ƙafar Liman ya ci gaba da zane ta bayansa.

Baba Kallamu, Sarkin Nomanmu, ya tambaye shi me ake shukawa a lambun.

"Ciyawa, Baba."

"Sai kuma me?"

"Ciyawa kawai."

"Ta dabbobi?"

"Ta mutane."

Baba Kallamu ya gyara zama. "Ci suke yi?"

"Kallo ake yi, Baba."

Dagaci mutum ne mai son raha, kuma ya ga hanyar da zai huta da masu fuloti na ɗan lokaci, sai ya ce ya ba Kamaru damina guda. In ruwa ya ɗauke, gonaki suka bushe, aka zo aka tarar da masussuka kore shar kamar yadda ya faɗa, to shi da hannunsa zai naɗa masa rawanin Sarkin Tsare-tsare. Mu mun ɗauka wasa ne. Ranar kasuwar Ɗanbatta kuwa Kamaru ya dawo da rawani fari sol, dogon gaske, matarsa Aina'u ta ce kullum sai ya fito da shi daga akwati ya shafa ya mayar.

Da ruwa ya sauka ya tafi Kano wajen masu sayar da furanni a bakin titi, ya dawo a kan ƙaramar bas da buhuna cike da irin ciyawarsa. Ya tara mu ya kwance bakin buhu, yana faɗin wani dogon sunanta na Turawa. Muka leƙa, muka ja da baya. Ƙiri-ƙiri ce. Duk manomin da ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar nan ya san ta, ciyawar nan mai rarrafe da in ta shiga gonarka kai da hutu sai a lahira. Baba Kallamu ya ce mahaifinsa da ita ya yi ta faɗa har ya koma ga Allah, kuma da Kamaru ya yi magana, da ya ba shi ta gonarsa kyauta, ya haɗa masa da addu'a.

Kamaru ya ce ai tamu ta ƙauye ce, tasa kuwa ta birni ce, ta san iyakarta. Ya dasa ta layi-layi yana auna tsakani da sandansa, sannan ya koma Kano neman bencina.

Yana can ciyawa ta kama, ta fara miƙe ƙafa. Baba Kallamu ya wuce ya gani, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya ce wa mutane ba ɗan manomin da zai dasa ƙiri-ƙiri da gangan. Yaron nan cutarsa aka yi a birni, kunya ce ta hana shi faɗa, shi ya sa ya gudu. A garinmu kuwa in ciyawa ta cinye gonar mutum ba ya nan, ba a jira sai ya roƙa, gayya ake kira a rufa masa asiri. Washegari gangar noma ta tashi. Samari suka faɗa wa masussuka da garma, ana kiɗa ana kirari, kafin azahar sun kife wurin sun ja kunyoyi miƙaƙƙu, suka zuba wake don kada ƙasa ta zauna a banza. Aina'u da ta ji ganga a kan aikin mijinta, ta yi abin da kowace matar kirki za ta yi: ta buɗe rumbunsa ta dama wa 'yan gayya fura har ta yi saura.

Ana cikin shan furar a-kori-kura ta shigo da bencina, Kamaru na zaune a samansu da hular kwano. Ya diro, ya dubi kunyoyin, ya dubi samarin da suka jeru suna jiran godiya, ya buɗe baki zai yi magana.

"Kada ka ce komai," in ji Baba Kallamu, ya dafa kafaɗarsa. "Ba wanda zai ji a waje."

"Baba, ina ciyawata?"

"Mun gama da ita. Ko jikanka ba zai gan ta ba."

"Kuɗi na sa na saye ta!"

"Shi ya sa muka ce ba wanda zai ji a waje."

Ranar Kamaru bai ci tuwo ba. Amma ƙiri-ƙiri ba ta san gayya ba. Duk gutsuren da garma ta yanka sai ya zama uwa, ruwa na sake zuba ta taso ta ninka ta da, ta shaƙe waken, ta lulluɓe kunyoyin har ba a ganinsu. Sai ga Kamaru a majalisar mai shayi yana cewa dama haka ya tsara, a Abuja ma sai an kira 'yan ƙauye sun sassare ta take yin kauri. Ya ce a isar wa Sarkin Noma ya yi ƙoƙari, in an naɗa shi ba zai manta da shi ba.

Wuri ɗaya ne ciyawar ta ƙi, ƙarƙashin darbejiya. Kamaru ya zagaya bishiyar yana kaɗa kai, ya ce inuwa ce ke hana ci gaba. Dattawa sun tafi jana'iza wani ƙauye, ya sa aka yi mata aski. Da suka dawo suka tarar da ita tsirara kamar kazar da aka fige, tabarminsu na kwance a rana. Ya tarye su da fara'a, ya nuna musu bencinan siminti da ya jera a tsakiyar fili, ya ce daga yau sun bar zaman ƙasa.

Rana ta take tsaka a lokacin. Baba Kallamu ya taɓa benci da bayan hannu, ya janye, ya ce shi tsoho ne bai iya zaman birni ba, Injiniya ya nuna musu yadda ake yi. Kamaru ya tattara riga ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Muka ga idonsa ya ƙara girma. Zai miƙe ke nan Baba Kallamu ya tsuguna a gabansa ya fara gaisuwa, kuma kowa ya san ba a tashi a bar dattijo yana gaishe ka. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ruwa, ya tambayi surukansa na Makoda ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya koma kan safiyon Abuja da iyalinsa. Kamaru na amsa lafiya lau yana musayar ɗuwawu, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hular kwano. Da tsohon ya gama sai na kusa da shi ya matso ya ɗora daga farko.

Da aka sallame shi ya miƙe a hankali, ya ce zafin siminti maganin ciwon baya ne, likitoci ma sun sani. Ya tafi gida yana tafiya kamar mai sabuwar kaciya. Daga ranar ba wanda ya sake zama a bencinan, amma matan gari sun yaba musu ƙwarai, don ba a taɓa samun wurin shanya barkono da kuɓewa mai kyau kamarsu ba.

Saura Inna Falta. Da damina a wajenmu ba akuya ko tunkiya da ke yawo; kowace tana ɗaure a turke don kada ta shiga gonar wani, sai a yiwo mata ciyawa a kawo mata har gida. Ba a sakinsu sai an kwashe amfanin gona kaf, Dagaci ya sa an yi shela. Inna Falta tsohuwa ce mai awaki da yawa da wani jan bunsuru da warinsa ke riga shi shiga lungu, ga gwiwa ta hana ta zuwa nesa. Da ta ga ciyawa ta zo har ƙofar gidanta, ta ce Allah ne ya dubi tsufanta. Kamaru ya zo da safe ya tarar ta yi wa lambun sanƙo a gefe guda, tana ɗaure dami.

"Inna, wannan fa ba ta yanka ba ce."

"To ta mece ce?"

"Ta kallo ce, an faɗa a gaban Dagaci."

"Na kalla ai. Tun jiya nake kallonta, na ƙoshi, saura awakina."

"Inna, hukuma za ta shigo cikin maganar nan."

Ta nuna shi da lauje. "Kai Kamaru, ni na yanke maka cibi. In hukumar ta zo ka ce ta taya ni ɗaukar damin nan."

Shi ya ɗora mata a kai da kansa. Amma a ranar ya shiga daji ya saro ƙayar magarya, ya kewaye filin da shinge mai tsayi, ya soke hannuwansa har ba ya iya cin tuwo sai da cokali. Lambun shaƙatawa ya zama wurin da ba mai iya shiga, sai dai a tsaya a waje a leƙa, mutane suka ce yanzu kam sunan ya tabbata, ciyawar kallo ce.

Ruwa ya ɗauke. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, aka roro wake, ƙasa ta koma ruwan toka ko ta ina. Kamaru ya sa 'yan garuwa suna tura masa kura safe da yamma, Aina'u na mita wai randarta ba ta samun abin da ciyawa ke samu. Gaskiya kuwa, in za a faɗa, wurin ya yi kyau. A duk faɗin ƙasar ba wani abu kore sai masussukarmu, har masu babur daga Zakirai suna tsayawa su ɗauki hoto. A karon farko muka fara tunanin ko dai Mai-sanda zai sha rawanin nan da gaske.

Aka sa rana. Ya gayyato kansila, ya ɗauko rumfa da lasifika da mai hoto, ya ɗauko Abdulkabir maroƙi ya ja masa kunne cewa rawani na taɓa kai ya saki kirari, kada ya jira umarnin kowa. Sai dai duk wanda ya ce wa ya zo da hantsi, amsa ɗaya ce: wa zai nemo wa dabbobi abinci? Ciyawa ta yi wuya, sai an yi nisa, mutum ba ya dawowa sai rana ta yi zafi. Tsofaffin da yake so su yi masa guɗa ma haka suka ce. Kamaru ya ga za a naɗa shi a gaban kujeru, sai ya garzaya wajen Dagaci ya roƙi a yi shelar sakin dabbobi a safiyar bikin, kowa ya huta da neman ciyawa ya zo.

Dagaci ya ce masa, "Kai da bakinka kake roƙon a saki awaki?"

"Ranka ya daɗe, na lissafa komai. Daji za su nufa kamar kowace shekara."

Dagaci ya tuna akwai shingen ƙaya, ya ce to. Abin da bai sani ba, da sassafe mai hoto ya ce wa Kamaru ƙayar nan za ta ɓata hoto, Kamaru kuma ya ce dama a Abuja bai taɓa ganin an kewaye lambu da magarya ba. Kafin baƙi su iso an janye shingen kaf an tara shi a bayan masallaci.

Taro ya yi taro. Kansila ya zauna kusa da Dagaci, rawani na naɗe a kan faifai a gabansu, Kamaru ya sha babbar riga ya riƙe lasifika. A daidai lokacin mai shela ya gama zagaya gari, gida-gida aka kwance igiya. Dabbobin da suka yi damina guda a turke suka fito a guje suka nufi burtali kamar yadda suka saba, suka tarar da katangar bulo. Suka juya ta ɗaya hanyar, suka tarar da shaguna. Suka tsaya cirko-cirko a kan kwalta, sai iska ta kawo musu ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yi wa ban-ruwa da asuba.

Kamaru na cikin bayanin yadda zai mayar da Tudun Marke abin da 'yan Abuja za su zo koyo, muka ji ƙasa na rawa. Ta lungun Inna Falta suka fara ɓullowa, jan bunsuru a gaba, sannan ta kowane lungu: awaki, tumaki, raguna, da jakin wani da ba a san wanda ya gayyace shi ba. Ba su kula kowa ba. Suka bi ta ƙarƙashin rumfa, ta tsakanin ƙafafun manyan baƙi, suka baje a kan dardumar Kamaru suka sa kai.

Kamaru ya yi ihu a lasifika a kore su. Samari suka shiga, amma kunyoyin gayya na nan kwance a ƙarƙashin ciyawa, duk wanda ya sheƙa sai ya yi tuntuɓe ya kife. Kansila ya tashi zai nuna shi ma ɗan manomi ne, ya taka kunya ta farko lafiya, ta biyu ta kai shi ƙasa, wata tunkiya ta tsallake shi. Tsofaffi kuwa ko motsi ba su yi ba. Inna Falta na nuna wa ta kusa da ita wadda ta fi ci a cikin nata.

Da Kamaru ya ga kore na ƙarewa a gaban idonsa, ya waiga neman igiya bai samu ba, sai ya fizgi rawanin daga kan faifai. Ya miƙa wa Baba Kallamu baki ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya ce su ja shi a miƙe su share dabbobin waje. Suka taho da shi kamar masu kamun kifi. Awaki suka bi ta ƙasa, tumaki suka bi ta sama, jan bunsuru kuwa ya sunkuyar da kai ya shige tsakiya. Ƙahonsa ya cafki ƙyallen. Bunsuru ya juya, Kamaru ya zagaya ta hagu zai kwance, bunsuru ya sake juyawa, Kamaru ya zagaya ta dama, Baba Kallamu ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya saki nasa bakin. Kafin a ankara rawani ya naɗu a kan bunsuru tsaf, har da ɗan abin da ya zagayo ta ƙarƙashin gemu. Ya fizge, ya haye kan bencin siminti, ya tsaya yana tauna yana kallon jama'a.

Abdulkabir maroƙi mutum ne mai cika alƙawari. An ce masa rawani na taɓa kai ya saki kirari, kuma ga rawani a kai.

"An naɗa! Sarkin Tsare-tsare, jan gwarzo na Falta, mai shiga lungu da sanarwa! Ka ci kore, ka bar wa talakawa ƙasa!"

Inna Falta ta rangaɗa guɗa, sauran tsofaffi suka amsa. Mai hoto ya ɗauka. Dagaci ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, da ƙyar ya iya cewa shi dai ya yi alƙawarin rawani ga wanda ya fi kowa amfana da wurin nan a idon jama'a, kuma ga shi Allah ya nuna. Kamaru na tsaye a tsakiyar fili da wani ɗan ƙyalle a hannu, ba ciyawa ko ta sakace a kewayensa, ya buɗe baki ya ce dama haka ya tsara, amma wannan karon ko shi bai ƙarasa maganar ba. Na ji tausayinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba, sai dai dariya ta hana ni zuwa in faɗa masa.

Filin dai bai zama fuloti ba. Dagaci ya ce tunda dabbobi sun nuna ba su da sauran hanyar fita, a bar musu wurin su da masu sussuka, darbejiya kuma ta sake tofo dattawa suka koma ƙarƙashinta. Inna Falta ta ƙi sayar da bunsurun ko da Sallah, ta ce ba a kai mai sarauta kasuwa.

Kamaru ma bai tashi a banza ba, don tun daga ranar ba mai ce masa Mai-sanda, Waziri muke ce masa. Baƙo in ya sauka a tasha ya ji ana Waziri, Waziri, sai ya cire takalmi ya rusuna ya gaishe shi da ladabi, ba murmushi ko kaɗan, Kamaru ya gyara hular kwano ya amsa da ƙasaita, fuskarsa ta yi haske kamar ta ango. Mukan bar shi ya ji daɗin abinsa. Sai dai baƙo ba ya rasa tambaya, kuma ba a daɗewa yake juyowa ya ce Wazirin wane Sarki ne, a nuna masa fada ya je ya kwashi gaisuwa. Nan ne Kamaru yake tuna yana da aiki a gida, mu kuma mu ce wa baƙon ya bi lungun Inna Falta, hancinsa zai kai shi.